Matar Da Ta San 'Yarta Ta Ƙeya

Duk layin ba mai kiranta da ainihin sunanta. Mai Kitso ake ce mata, ita ma ta amsa har ta saba. Shekara ashirin ke nan tana zaune a kan kujera ɗaya, a wani ɗan ɗaki da ke bakin titi tsakanin shagon mai guga da na mai cajin waya, da kan wata mata a tsakanin gwiwoyinta. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu gwaggonta ta miƙa mata kibiyar tsaga da mataji, ta ce ga sana'a nan. Ta riƙe su kuwa da hannu bibbiyu. Tsagarta tana tafiya samɓal, kitsonta yana wata guda bai tashi ba, kuma ba ta jin kunyar faɗin haka da bakinta.

Doka biyu gare ta a ɗakin nan. Ta farko, madubi yana kallon bango sai an gama. Cewa take in ka bar wa mace madubi, kafin ka kai rabin kai ta sake shawara sau huɗu, ta mayar da kai mahaukaci. Ta biyu, inda hannunta ya ajiye kai nan zai zauna. Ko matar wane ce ke, in ta zo ƙeya za ta sa tafin hannu ta danna kanki ƙasa, ke kuma ki bi. Mata suna mita, suna cewa hannunta kamar na maƙeri, amma gobe su ne a kan benci suna jiran layi.

Abin da ta fi taƙama da shi ma ba kitson ba ne. Cewa take ta san mutane.

"Ni ina ruwana da fuska?" in ji ta. "Fuska tana ƙarya. Ku ba ni fatar kai in faɗa muku wadda mijinta ya yi tafiya, da wadda ba ta barci, da wadda ke da ciki ba ta faɗa wa kowa ba."

Kuma wallahi sau da yawa takan dace. Wannan dacen ne ya ja mata.

Ta yi aure shekara goma sha biyu da wani mai walda. Ba mugu ba ne, ita ma ba muguwa ba ce. Ita baki, shi taurin kai, kowa yana magana ba mai sauraro, har abin ya gaji ya mutu. Sun rabu da 'ya ɗaya a tsakaninsu, lokacin tana da shekara goma sha ɗaya. Yarinya ce siririya mai sanyi, wadda saboda rashin maganarta 'yan layi suka sa mata Shiru-shiru, har uwar ma ta koma kiranta da haka. Kotu ta raba musu mako: daga yammacin Lahadi zuwa Juma'a tana wajen uwa, daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi tana wajen uba, wanda ke zaune da tsohuwarsa a can ɗaya gefen gari.

Shekara huɗu iyayen nan ba su haɗa ko gaisuwa ba. Kowa yana da lambar wayar kowa, amma ina! Wa zai fara kiran wa? Sai suka sami hanya mai sauƙi. Ranar Juma'a Mai Kitso za ta raka yarinyar bakin titi da jakarta, kafin motar haya ta tsaya ta ɗora mata saƙo. "Ki gaya wa wancan mutumin..." Ranar Lahadi yarinya ta dawo da amsa. Amsar kuwa kullum mai laushi ce, har abin yakan ba ta mamaki. Wai Abba yana gaishe ta. Wai ya ce to, ba komai, za a kiyaye. Mai Kitso takan taɓe baki ta ce gaisuwar banza, amma a can ƙasan ranta tana jin daɗin cewa har yanzu mutumin yana shakkarta.

Da Shiru-shiru ta cika goma sha biyar sai ta ci jarrabawar wata makarantar kimiyya, wadda kamar da gangan aka gina ta bayan layin ubanta. Daga gidan uwar mota biyu ce, daga gidan uban tafiyar minti goma a ƙafa. Zango ɗaya ta yi tana zuwa, sai ga takardar kotu ranar wata Talata, Mai Kitso tana tsakiyar kan wata. Mai walda yana neman a ba shi riƙon yarinyar gaba ɗaya. Za a zauna nan da mako uku, kuma tunda yarinya ta yi hankali, mai shari'a za ta ji ta bakinta.

Ranar nan matar da ke gabanta ta sha ja har ta yi ƙwalla. Mai Kitso ba ta da kowa a ɗakin kwananta sai yarinyar nan. Ba ta sake aure ba, ba ta sake haihuwa ba. In aka ɗauke Shiru-shiru, abin da zai rage mata shi ne kujera, da kibiya, da kawunan 'ya'yan wasu. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, ita kuwa in ta ji tsoro faɗa take yi.

Kowace Lahadi da la'asar, in yarinyar ta dawo, takan zaunar da ita ta tsefe mata kai ta yi mata sabon kitson makaranta. A nan suke hirarsu, wato a nan uwa take magana 'ya tana cewa "to". Lahadin da ta biyo bayan takardar, tana cikin tsifa, yatsanta ya sauka a kan wani wuri bayan kunnen hagu. Ta buɗa gashin da kibiya. Fili ne fetal, girman murfin kwalba, ba gashi ko ɗaya.

Ba makero ba ne, ta san makero tun tana yarinya. Ba ƙuna ba ce, ba kuma cin kitso ba ne, don kitsonta ba ya cin gashi, kowa ya sani.

"Ke, me ya same ki a nan?"

"Ba komai, Umma."

"Ba komai ne ya aske miki kai? Wa ya taɓa ki a gidan can?"

"Ba kowa."

Ta ɗauko waya ta ɗauki hoton wurin har sau uku. Washegari wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa kitso ta duba hoton ta ce ita dai ta sha ganin irin wannan, yawanci damuwa ce ke kawo shi, a bi yarinyar a hankali. Mai Kitso ba ta ji "a hankali" ba, "damuwa" kawai ta ji. Damuwa a gidan wa? Ai ranar Lahadi ta ga abin, ranar da yarinya ta dawo daga wajen ubanta. Shi ke nan, magana ta ƙare. Fatar kai ta yi magana, ita kuwa fatar kai ba ta ƙarya. Tun a ranar Lahadin ta karkata tsaga ta rufe wurin da kitso yadda ko malamar makaranta ba za ta gani ba, ta adana hotonta tana jiran ranar kotu.

Abu ɗaya ya rage, ta ji daga bakin yarinyar. Ita da ba ta jin nauyin kowa, wannan tambayar ta yi mata nauyi. A kitson ranar, tun daga goshi take juya ta a baki, ta kasa fitarwa, har kitso ya zo ƙarshe. Sai da ta ga saura layi biyu na ƙeya sannan ta daure.

"Mai shari'a za ta tambaye ki inda kike son zama. Wajena za ki ce, ko ba haka ba?"

Ta sa tafin hannu ta danna kan ƙasa don ta kama gashin ƙeya, yadda ta yi wa dubban kawuna. Kan ya sunkuya.

"Yawwa 'yar albarka," in ji ta, zuciyarta ta yi sanyi.

Lahadi uku ta yi tambayar nan, kullum a ƙeya, kullum kan yana sunkuyawa. Ta gaya wa mai guga, ta gaya wa mai caji, ta gaya wa duk macen da ta zauna a gabanta: yarinya ta riga ta zaɓa, zuwa kotun ma ɓata lokaci ne.

Ranar zaman, suka iske mai walda a kan benci a dogon barandar kotun. Kayansa sun sha guga, amma bayan hannayensa duk tabon tartsatsi, idanunsa jajaye yadda suke tun da. Ya kalli 'yarsa, bai kalli uwar ba. Shiru-shiru ta tsaya tsakanin bencinsa da na uwarta, ta rasa inda za ta zauna, sai ta jingina da bango rungume da jakar makaranta. Sama da awa ɗaya tana tsaye. Mai Kitso tana ta taɓa waya a cikin jaka don ta tabbata tana nan.

Ba babban zauren aka kai su ba. Wani ɗan ofis ne mai tebur ɗaya, da kabad cike da fayil, da fanka mai ƙara. Mai shari'ar dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da alamar gaggawa. Aka sa wa yarinyar kujera a gaban tebur, iyayen a bayanta, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Mai Kitso ta sami kanta tana kallon abin da ta fi sani a duniya, wato ƙeyar 'yarta a cikin ɗankwali.

Tun kafin a ba ta izini ta zaro wayar. "Ranki ya daɗe, akwai abin da nake so ki gani da idonki, don ki san irin riƙon da..."

"Za mu zo kanki," in ji mai shari'a. "Yanzu ku biyun ku ɗan ba mu wuri, zan yi magana da ita."

"Su zauna."

Sai da kowa ya ɗan yi jim kafin a gane daga inda muryar ta fito. Shiru-shiru ce.

"Don Allah su zauna, ranki ya daɗe. In sun fita, ni za su tambaya me na ce. Na gaji da kai saƙo."

Mai shari'a ta dube ta ta saman tabarau, ta gyaɗa kai. Yarinyar ta miƙe, ta ɗaga kujerar, ta juya ta gefe yadda za ta iya ganin su duka ukun, ta zauna.

Mai Kitso ta kalli fuskar. Ƙarƙashin idanun ya yi duhu. Leɓen ƙasa duk ya fashe saboda cizo. Kumatun yarinta sun zube, ga haɓar ubanta sak ta fito. Yaushe duk wannan ya faru? Ita da ta san kowace tsaga a kan nan, ta san inda gashin ya fi cika da inda yake murɗewa, ta zauna tana kallon fuskar kamar ta baƙuwa.

"Hoton da Umma za ta nuna na kaina ne," in ji yarinyar. "Akwai inda ba gashi. Ba wanda ya yi mini. Ni nake tsigewa."

"A ina kike yin haka?" in ji mai shari'a.

"A cikin mota. Ranar Juma'a in zan tafi, da ranar Lahadi in zan dawo. Ina sa hannu ta ƙarƙashin ɗankwali. Ba na ma sanin ina yi sai na ga gashi a yatsana."

"Me kike tunani a lokacin?"

"Saƙo nake gyarawa." Ta ci gaba, "Umma za ta ce, ki gaya wa wancan mutumin in ya ƙara riƙe ki har yamma zai ga rashin mutunci. In na je sai in ce, Umma ta ce don Allah a taimaka a sallame ni da wuri. Abba kuma zai ce, ki gaya wa uwarki ba ita kaɗai ta haife ki ba, ta shiga hankalinta. In na dawo sai in ce, Abba yana gaishe ki. Tun ina aji shida nake yi. Wani saƙon yana da wuyar gyarawa, har mota ta kai ban gama ba."

Fanka tana ta ƙara. Mai Kitso ta tuna duk gaisuwar nan ta shekara huɗu da take taɓe wa baki tana jin daɗinta a ɓoye. Ashe ko ɗaya mutumin bai aiko ba. Yarinya ce take ƙera su a cikin motar haya, tana biya da gashin kanta. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

Mai walda ya gyara zama. "Ranki ya daɗe, kin dai ji irin maganganun da ake..."

"Abba, kai ma," in ji yarinyar. "Ka rubuta wa kotu wai na ce ina son komawa wajenka gaba ɗaya. A shago ka tambaye ni, injin yana ƙara, gilashi yana fuskarka. Na ce maka makaranta ce take mini nisa. Ka ce to, to, ka ci gaba da aiki. Sai takarda kawai na gani."

Mutumin ya sunkuyar da kai yana kallon hannayensa. Nan Mai Kitso ta ji ƙarfinta ya ɗan dawo. Shi bai ji ba, amma ita ai ta tambaya, kuma an ba ta amsa.

"Ni dai na tambaye ki," in ji ta. "Sau uku. Faɗa wa mai shari'a. Na ce wajena za ki zauna, kika amsa da kai. Ko ƙarya na yi?"

Shiru-shiru ta dube ta ido cikin ido, hawaye suna zubo mata.

"Umma, ke kika danna."

"Na danna me?"

"Kaina. Kin zo ƙeya ne."

Mai Kitso ta dubi tafin hannunta na dama. Ta ji nauyin kan a cikinsa, yadda yake tafiya ƙasa ba gardama, sau uku, kamar kowane kai da ya taɓa zama a gabanta. Ta tuna yadda ta bi layi tana shela. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta shige.

Mai shari'a ta cire tabarau ta ajiye. "To 'yata, yanzu ba inji, kuma hannun kowa ba ya kanki. Hukunci nawa ne, ba naki ba, kada ki ɗauki wannan nauyin. Amma ina so in ji. Me kike so?"

Yarinyar ta share fuska da gefen mayafi. "Ranakun makaranta in zauna wajen Abba. Daga gidan Umma tun da asuba nake fita, duk da haka ina makara, kullum ina cikin masu shara a bakin ƙofa, darasin farko yana wuce ni. Juma'a zuwa Lahadi in zo wajen Umma. Ba gaba ɗaya ba, Abba. Kuma ba wai na fi son wani ba ne, wallahi ba haka ba ne." Ta ja numfashi. "Sannan kada a ƙara ba ni saƙo. Suna da waya."

Kwana biyar sun koma biyu. Mai Kitso ta ji abin ya soke ta a ƙirji. Mai shari'a ta juyo gare ta ta ce ai ɗazu tana da abin nunawa, ga dama. Wayar tana hannunta, hoton yana buɗe. Maganganu cike da bakinta, masu kaifi, ta kwana uku tana wasa su: tsohuwarsa ba ta gani sosai, shi ba ya gida sai yamma, wa zai kula da 'ya mace? Wasu ma gaskiya ne. Ta san in ta buɗe baki za ta iya jan shari'ar nan wata shida, kuma ta san a kan wa za a ja ta. Yarinyar tana kallonta, hannunta na hagu ya fara tafiya a hankali zuwa bayan kunne.

"Sauke hannunki," in ji Mai Kitso. Ta kife wayar a kan cinya. "Ranki ya daɗe, ba ni da abin nunawa. A yi yadda ta ce."

Haka aka yi. Makon farko mata suka ce Mai Kitso ba ta da lafiya, don ta yi kai huɗu ba ta ba kowa labarin kowa ba. Ranar Laraba ta kira mai walda a waya, karon farko cikin shekara huɗu, ta ce masa yarinya ba ta son a kashe fitila gaba ɗaya in za ta kwanta. Ya ce to. Ta ce to. Suka kashe.

Ranar Asabar da hantsi, Shiru-shiru ta shigo ɗakin kitso ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin uwarta ba tare da an ce mata ba, ta cire ɗankwali. Mai Kitso ta ɗauki kibiya, ta ajiye. Ta miƙe ta je bango ta juyo madubin. Bayansa duk yanar gizo. Ta goge shi da gefen zani, ta jingina shi a kan benci daidai inda za ta riƙa ganin fuskar, ta dawo ta zauna. Wata mata da ke jiran layi ta ce, "Ikon Allah, yau kuma?" Ba ta kula ta ba.

Ta ɗora hannayenta a kan gwiwoyinta, nesa da kan.

"Wane iri kike so?"

Yarinyar ta daɗe tana kallon uwarta a cikin madubi, kamar tana so ta tabbata da gaske ake. Yatsun Mai Kitso suna ta motsi, sun riga sun san inda tsagar farko za ta bi.

"Umma, a tsefe kawai. Kada a yi kitso yau. Yana mini zafi."

"Tun yaushe?"

"Tun da daɗewa."

Mai Kitso ta gyaɗa kai. Ta ɗauki mataji, ta kama jelar kitson farko, ta fara warwarewa a hankali, tana yi tana ɗaga ido.